Ku Tambayi Likitar Dabbobi: Uwa da 'Ya'ya Takwas, Nawa Zan Karɓa?

Wasiƙun wannan makon uku ne, kuma duk a kan dabba ɗaya suke, wato hamsta. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, 'yar dunƙulalliyar halitta ce da ba ta cika tafin hannu ba, mai guntun bindi da kumatu kamar jaka, wadda Turawa ke kiwo a keji don yara. Na fi daɗewa a kan wasiƙar farko, domin abin da ke cikinta ya taɓa faruwa da ni.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Landan da maigidana da yaranmu uku, a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, hawa na huɗu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mako guda aikin rana, mako guda na dare. Maƙwabciyarmu da muke mutunci da ita za ta koma ƙasarsu ƙarshen wata. Ta saya wa ɗanta hamsta a shago, irin babbar nan mai ruwan zuma, ashe da ciki aka sayar mata. Ba a yi kwana goma ba ta wayi gari da 'ya'ya takwas. Yau kwanansu 12. Ta ce in ba ta samu mai karɓa ba, filin shaƙatawar unguwa za ta kai su ta sake. 'Yata ta fari mai shekara 11 tun da ta ji take kuka, wai mu kwashe su duka tara, ai ƙanana ne, keji ɗaya ya ishe su. Babansu kuwa ya ce shi bai baro Funtuwa ya zo Ingila kiwon ɓeraye ba. Ni tausayinsu nake ji, amma ina tsoron ɗaukar Dala ba gammo. Don Allah nawa zan karɓa?
*Uwar yara uku, Landan*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki ci gaba da karatu, tashi ki ɗauko sallayarki ki shimfiɗa a tsakar falo. Kin ga filin da ta ci? Kejin hamsta guda ɗaya, wanda ya amsa sunansa keji, kaɗan ya rage ya cinye wannan filin. Ƙungiyar likitocin dabbobi masu kula da walwalar dabba a Jamus ta sa ƙaramin awo a santimita 100 tsawo da 50 faɗi, kuma ƙungiyoyin ceton dabbobi da dama a nan Birtaniya wannan awon suke bi. To ki ƙiyasta sallaya tara a gidan nan naki mai ɗaki biyu, ki gaya mini inda za ku taka ku wuce kicin.

Na san abin da 'yarki za ta ce, ai a keji ɗaya za su kwana. Nan ne gizo ke saƙar. Irin da kika siffanta, babba mai ruwan zuma, ita ce hamstar Siriya, kuma Allah bai halicce ta da son zaman tare ba. A gonakin da ke kewayen birnin Halab na Siriya, inda asalinta yake, kowace ramin kanta take haƙawa, kuma masu binciken da suka je suka auna sun tarar da fiye da mita 100 tsakanin rami mai rai da maƙwabcinsa. Mace da namiji ma barbara kaɗai ke haɗa su, da an gama ta fatattake shi. 'Ya'yan nan da kike gani sun cure wuri guda kamar ƙosai a kwano, ƙuruciya ce ke riƙe da su. Da sun kai mako shida zuwa takwas jinin zai motsa, kuma faɗansu ba irin na kaji ba ne da za a yi fiffike a rabu.

Ni ba a littafi na koya ba. Lokacin da muke karatu a Zariya, shanu da tumaki da kaji ne suka cinye mana shekaru, hamsta kuwa ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu a darasin dabbobin ɗakin gwaji ba. Shekarata ta farko da fara aiki a Ingila, wata safiya muka tarar da kwalin takalmi a ƙofar asibitin da nake, an huhhuda murfin da biro. Muka buɗe, sai ga 'ya'yan hamsta biyar, ba wasiƙa ba lambar waya. Abokan aikina kowa ya kau da kai, ni kuwa baƙuwa mai son a ce tana da kirki na ce a ba ni. Na sayi keji biyu, maza uku a ɗaya, mata biyu a ɗaya, ina ganin na yi dabara tunda na hana su haihuwa. Mako uku lafiya lau. Wani dare gab da asuba na ji wata 'yar ƙara siririya, kamar an taka ƙyauren da bai sha mai ba. Na kunna fitila. Ɗaya na kwance a gefen kwanon abinci, an farke masa ciki daga ƙasa, jini ya jiƙa takardar da ke ƙarƙashinsa. Ɗan'uwansa da suka sha nono ɗaya yana zaune a kan ƙafafunsa na baya, yana wanke fuska da hannu biyu kamar mai alwala, ko a jikinsa. Na kai wanda aka ji wa ciwo asibiti na ɗinke shi da kaina, bayan kwana biyu ya mutu. A ranar na shiga kasuwa na sayo manyan robobin adana kaya na raba sauran huɗun. Ɗaki ɗaya nake haya a lokacin. Wata bakwai a lungun ƙofa nake salla, har na samu masu karɓar uku.

Saboda haka a daina ƙirga dabbobin, a ƙirga keji. Kowace hamsta da kejinta, da wilin gudunta, da kwalbar ruwanta, da kwanon yashin da take birgima a ciki a madadin wanka. Wilin ma ba kowanne ba, na Siriya yana son mai faɗin santimita 28 ko kusa da haka, domin ƙarami yana lanƙwasa mata gadon baya, ita kuwa a dare ɗaya kilomitoci take ci a kansa. Sai shimfiɗa. Dabbar rami ce, tana son abin da za ta haƙa ta nutse, aƙalla zurfin santimita 25 na yagaggiyar takarda ko makamancinta. An yi wani gwaji a Jami'ar Bern da ke Suwizalan, aka ga waɗanda aka zuba wa shimfiɗa mai zurfi sun rage gwaguyar wayar keji, waɗanda suka samu mafi zurfi kuwa sun daina. Wannan gwaguyar da mutane ke ɗauka wasa ne, ƙunci ne. Kada ki sa musu auduga ko ƙyallen da ke warwarewa, zaren yana naɗe musu ƙafa har ta mutu, in sun haɗiye kuma ya toshe hanji.

Kuɗin dabbar kanta ba komai ba ne, shi ya sa ake rudar mutane.  Amma keji na kirki da kayan cikinsa, in kin tashi da fam 100 kin yi arha. A asibitin da nake aiki, ganin likita kawai, kafin a taɓa magani, ya haura fam 40, kuma ba a rage wa hamsta don ta fi kyanwa ƙanƙanta. Ga kuma wani abu da masu karɓar 'ya'yan ciki ɗaya ba sa hangowa. Hamsta shekara biyu take yi, in ta yi tsawon rai ta kai uku. Tunda rana ɗaya aka haife su, tare za su tsufa. Wata ta fito da ƙari, wani haƙori ya zarce domin haƙoran gabansu ba sa daina tsiro, wata mahaifa ta yi ruwa, duk a cikin 'yan watanni. Aljihu zai ji, yarinyar kuma za ta yi ta binne su ɗaya bayan ɗaya tana shekara 13.

Sai maganar wanda zai yi wahalar. 'Yar'uwa, ke ce. Hamsta da rana barci take, sai wajen ƙarfe tara ko goma na dare take fitowa tana miƙa, lokacin da yaranki suka kwanta don makaranta. In aka tashe ta da rana, cizo take, ba don mugunta ba, ke ma in an tashe ki bayan aikin dare ai ba murmushi kike yi ba. Ɗokin yara kuwa kin fi ni sani, wata biyu ya yi yawa. Dokar walwalar dabbobi ta 2006 a Ingila ma a kanki ta ɗora nauyin, domin dabbar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ke kula da ita, a idon hukuma ta iyayensa ce. Ki kuma tuna hutun bazara. Ranar da kuka ɗaure kaya za ku gida Najeriya na mako biyar ko shida, keji ɗaya ana iya sa shi a bayan mota a kai wa 'yar'uwa ta duba. Wa zai karɓar miki tara?

To ga amsata a fili. Ki karɓi duka tara a matsayin riƙo, na mako huɗu zuwa biyar. Ki riƙe ɗaya a matsayin taku. Mu Hausawa mun san riƙo, ɗa ya zauna a hannun gwaggo kafin lokacin komawarsa ya yi, ba wanda ya ce ta ƙwace shi. Wadda za ki bar wa kanku kuwa, shawarata uwar ce. 'Ya'ya masu kyan gani ba sa rasa mai so, amma uwar da ta girma ta rame da shayarwa ita ake bari a baya. In kin auna da tef ɗin tela kin ga akwai wurin keji na biyu wanda ba a bakin taga ba, ba a jikin hita ba, ba kuma a ɗakin da ake barci ba saboda ƙarar wili, to 'yarki ta zaɓi ɗa ɗaya. Biyu ke nan. Ko da kuka za ta yi da hawayen jini kada ki kai uku.

Yadda za ki bi da riƙon, ki kula da kwanaki, domin a nan ake yin ɓarna. Yanzu ba a taɓa 'ya'yan ba a kuma share sheƙar. Uwar hamsta in ta firgita ko ta ji baƙon wari a jikin 'ya'yanta tana iya cinye su. In maƙwabciyar za ta iya haƙuri har idonsu ya buɗe, wajen kwana 14 zuwa 16, ya fi. Ranar ɗaukowa a ɗauko kejin yadda yake, a lulluɓe da zane, a ajiye a lungun da ba hayaniya, a hana yara leƙe na kwana biyu. Ki ƙara wa uwar ɗan dafaffen ƙwai da ɗan ganye kan abincinta. Da sun cika kwana 28, ki raba: uwa daban, maza daban, mata daban. Kada ki ƙara kwana ko ɗaya don tausayi. Suna balaga tun suna mako huɗu zuwa biyar, macen tana neman namiji duk bayan kwana huɗu, cikinta kuma kwana 16 ne kacal, yana daga cikin mafi gajarta a dabbobi masu shayarwa. Ɗa yana hawan uwarsa, wa yana hawan ƙanwarsa. Ki yi lissafin mata huɗu kowace ta zubo bakwai, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

In kina ganin na cika baki, ga tarihin dabbar. A 1930 wani masanin dabbobi na Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, Israel Aharoni, ya haƙo uwa da 'ya'yanta a wata gona kusa da Halab. 'Yan ƙalilan ne suka rayu a hannunsu, amma cikin shekara guda sun kai 150. A 1931 aka kawo wasu Ingila. Kusan duk hamstar Siriya da ke keji a duniya yau, har da ta maƙwabciyarki, jikokin wannan ciki ɗayan ne.

Bambance mace da namiji a wannan shekarun yana da wuya ga wanda bai saba ba. Ana duba tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura, ta namiji ta fi nisa. Kada ki yi canke. Ki sa su a roba ki kai asibitin dabbobi mafi kusa, ma'aikatan jinyar can za su raba miki cikin minti biyar. Don zaman wucin gadi ba sai kin sayi keji uku ba, manyan robobin adana kaya sun wadatar, a yanke tsakiyar murfin a ɗaura ragar waya don iska.

Neman masu karɓa kuwa yau za ki fara, ba sai sun kai mako shida ba. Ki kira manyan ƙungiyoyin ceton dabbobi, wato RSPCA da Blue Cross, da ƙananan ƙungiyoyin ceton hamsta na yankinku, ki ce kina da takwas da za su isa rabuwa rana kaza, kuma za ki riƙe su har lokacin. Wannan kalmar ta "zan riƙe" tana buɗe ƙofa, domin abin da ya fi damunsu wurin ajiya ne, kuma sau da yawa akwai layi. In za ki ba mutane kai tsaye, kada ki rubuta "kyauta" a intanet. Akwai masu kiwon macizai da ke bin irin wannan tallar. Ki sa ɗan kuɗi ko fam biyar ne, ki ce a turo hoton keji tukuna, kuma ɗaya-ɗaya za ki bayar. Duk wanda ya ce a ba shi biyu don kada kewa ta dame su, ki karanta masa labarin kwalin takalmina.

Maƙwabciyarki kuma ki gaya mata cikin lalama cewa sakin su a fili ba 'yanci ba ne. Kyanwa ko yanyawa ko sanyi, ɗaya zai gama da su kafin gari ya waye. Laifi ne kuma a dokar ƙasar, ta fuskar yasar da dabba da ta fuskar sakin dabbar da ba 'yar ƙasa ba a daji, wanda dokar namun daji ta 1981 ta hana. Tunda ita ta sayo, ta bar miki kejin da abincin, ta kuma sa hannu a kuɗin robobi.

Saura Alhaji, maigidanki. Ki gaishe shi, ki ce Likita ta ce yana da rabin gaskiya. Dangin masu gwaguya ne, amma gidansu daban da na ɓeran da ke fasa buhun masara a Funtuwa. In yana son abin kwatance a gida, ya tuna gafiya. Ita ma tana da jaka a kumatu, har sunanta na kimiyya daga na hamsta aka samo shi, kuma duk wanda ya ga hamsta ta cusa gyaɗa har kanta ya ninka faɗi ta ruga rami, zai gane inda aka samo "gafiya tsira da na bakinki". Hukuncin ajiye ta a gida na malamai ne, ya tambayi limaminku. Abin da ni da shi muka sani tun muna Islamiyya shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya sa rai a keji ya ɗauki amana, kuma amana ɗaya ta fi tara sauƙin fita. Sai dai kada ki shigo da ko ɗaya sai ya yarda, ki kuma duba takardar hayarku, domin masu gidaje da yawa sun hana dabba ko wace iri ce sai da izini a rubuce.

Tambaya: Anti Likita barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jamus, ina karatun digiri na biyu. Kaɗaici ya sa na karɓi hamsta ɗaya a gidan ajiye dabbobi marasa galihu. Yanzu huɗu gare ni, uku daga cikinsu ƙananan nan ne na Rasha. Duk lokacin da na ga talla a intanet an saka wata a ɗan keji kamar kwanon sha, ba na iya barci sai na je na karɓo. Jiya wata ta kira ni za ta ba ni ta biyar, ta ce tana zawo. Kuɗin da nake samu na aikin ƙarshen mako ne. Tunda ƙananan suna zama tare, in haɗa biyu in samu wuri?
*Ƙanwarki a Jamus*

Amsa: Ƙanwata, kada ki karɓa, kada kuma ki haɗa.

Gaskiya ne ƙananan, musamman irin Campbell, wani lokaci 'yan ciki ɗaya da suka tashi tare sukan zauna lafiya. Amma manya biyu da ba su san juna ba, kowace ta saba da gidanta, in kin haɗa su kin haɗa faɗa. Waɗanda suka tashi taren ma sukan yi wata shida lafiya rana ɗaya su juya wa juna, shi ya sa ko mai biyu a keji ɗaya dole ya ajiye keji na biyu a shirye. Lissafin bai canja ba ke nan. Mutane suna rikita su da ɓeran Masar ne, wanda shi kam ɗan jama'a ne, har Suwizalan ta hana kiwon guda ɗaya tilo tun 2008. Hamsta ba haka take ba.

Zawon da aka ce tana yi shi ya fi tayar mini da hankali. Akwai wata cutar hanji da ke kama hamsta, musamman ƙanana da aka yaye ko aka yi wa sauyin wuri, za ki ga gindin a jiƙe yana wari, dabbar ta duƙunƙune ta ƙi ci. Tana kisa cikin kwana biyu, kuma tana yaɗuwa ta hannu da kwano. Wannan dabbar likita take buƙata yau, ba sabon gida ba. In kina son taimako, ki raka matar asibiti ko ki haɗa ta da gidan ajiyar da kika karɓo ta farko. Duk sabuwar dabba, ko da lafiyarta ƙalau, sai ta yi mako biyu a wani ɗaki daban kafin ta shaƙi iska ɗaya da na gida. Kina da wannan ɗakin? In babu, kin cika, ko da akwai sauran fili a ƙarƙashin tebur. Kuma killacewar ba don dabbobin kaɗai ba ce. A Janairun 2022 hukumomin Hong Kong sun kashe ƙananan dabbobi wajen 2,000, akasarinsu hamsta, bayan an samu korona a jikin wasu a wani shago tare da ma'aikaciyarsa.

Bari in yi miki tambayar da nake yi wa masu aikin ceto in na ga idonsu ya fara faɗawa. A daren jiya, kin ɗauki kowace ɗaya daga cikin huɗun kin duba haƙoranta da gindinta? Kin san nauyin kowace a makon nan? Uku naki na Rasha ne, irin da ciwon sukari ke yawan kamawa, kin lura ko akwai wadda kwalbar ruwanta ke saurin ƙarewa? In biyu suka kwanta ciwo a wata ɗaya, akwai kuɗin likita a ajiye, ko sai an taɓa na haya? Ranar da kika fara amsa irin waɗannan da "ina jin dai", to ceto ya ƙare, tarawa aka shiga. Kina Jamus, kin san kalmarsu ta *hamstern*, wato cusa kaya a ɓoye fiye da buƙata, wadda aka yi ta ji a 2020 lokacin da mutane suka kwashe taliya da takardar bayi a shaguna. Daga sunan dabbar nan suka ciro ta. Na taɓa shiga gidan wata mai kirki irinki da ta fara da biyu, na ƙirga keji 23 an ɗora wani kan wani har silin, kwalaben ruwa uku sun bushe ba ta sani ba, ita kuma tana kuka tana cewa duk tana son su. Kuma da gaske take.

Ga abin da za ki yi. Ki tsaya a huɗu. Idan ajali ya ɗauki ɗaya, ki wanke kejin ki bar shi fanko, shi ne na ko-ta-kwana. Ki goge manhajar tallan nan daga wayarki, domin tallar ba za ta ƙare ba ko kin karɓi ɗari, wasu ma ganin ana karɓa ne ke sa su ƙara hayayyafa. In hannunki na ƙaiƙayi, gidajen ajiyar dabbobi a Jamus kullum suna neman masu zuwa share keji ranar Asabar. Kuma ƙanwata, kin ambaci kaɗaici a layin farko kika wuce da sauri. Ki nemi 'yan'uwa a garin da kike, ko a masallaci ko a ƙungiyar ɗalibai, ki riƙa cin tuwo da mutane ko sau ɗaya a mako. Ki sake rubuto mini bayan wata guda in ji.

Tambaya: Likita, na ga ana tallar hamsta a Instagram daga Legas, ana turowa har Kano. Ina so in sayi mace da namiji in riƙa kiwo ina sayar wa yara a unguwa. Da nawa ya kamata in fara?
*Wani matashi, Kano*

Amsa: Ɗana, da sifili. Dabbar nan tana jin daɗi ne tsakanin digiri 18 zuwa 24, ba ta gumi, kuma da zafi ya doshi 30 za ka gan ta ta baje a ƙasa tana haki. Kai ka san Kano a watan Afrilu, ana haura 40, ga wuta sai an ga dama. A daji rami mai zurfi ke ceton ta, a kejin roba a ɗaki mai rufin kwano ba ta da mafaka. Tafiyar mota daga Legas kaɗai ta isa ta kashe rabi. Waɗanda suka rayu kuma, ka karanta amsar farko ka ga yadda biyu ke zama ashirin, kowace da kejinta, sannan ka tambayi kanka yaro nawa ne a unguwarku babansa zai sayi keji mai girman sallaya. In ta yi ciwo kuma wani ya ɗauko amoksilin a kemis ya ɗiga mata, ya kashe ta, domin dangin penisilin guba ne ga hanjin hamsta.

In kiwo kake so na sayarwa, ka shiga kasuwar 'yan tattabaru ranar da take ci, ka zauna kusa da wani dattijo ka yi masa tambayoyi. Ka fara da aure biyu.